Yadda Ake Gano Ko Sabon Nozul Ya Dace da Tsohuwar A-kori-kura Mai Dizal

A garejin Jos ana yawan ganin wannan. An sayo nozul, wato bakin ƙarfe mai allura a ciki da ke fesa dizal cikin inji, guda huɗu sababbi fil a kwali, an ɗaura wa tsohuwar Hilux, an tayar da inji, sai ga hayaƙi ya fi na da, ga ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe, mota kuma ta kasa hawan tudun da take hawa jiya da tsohon nozul. Mai mota ya ce bakanike ne, bakanike ya ce kayan jabu ne, mai shago ya ce ai ya shiga ramin daidai. To, shiga rami ba shi ne dacewa ba. Nozul iri-iri ne ke da jiki ɗaya da kauri ɗaya, su zauna lafiya lau cikin injakta ɗaya, wato gidan ƙarfen da ke riƙe nozul, amma yadda suke fesa mai ya sha bamban. Abubuwa huɗu ne sai sun haɗu kafin a ce nozul ya dace: lambarsa, girmansa, ƙarfin da yake buɗewa a kai, da zurfin zamansa cikin kan inji. Idan ɗaya ya kauce, sauran ukun ba za su cece ka ba.

Fara da sanin injin da ke cikin motar

Kada ka dogara da takardun mota ko lambar shasi. Motar da ta shekara 25 ko 30 tana ɗaukar dankali daga Bokkos da Mangu, da wuya a ce injin da ta fito da shi daga kamfani ne har yanzu a cikinta. Da yawa an sauke 2L an ɗora 3L, an sauke 3L an ɗora 5L ɗan Beljiyam, wani lokaci ma gangar inji daban, kai daban, famfon injakta daban. Goge gefen gangar injin da tsumma da kananzir har ka ga lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Haruffan farko su ne sunan injin.

A Toyota, 2L lita 2.4 ne, 3L lita 2.8 ne wanda ya zo da Hilux na 1988, 5L kuma lita 3.0 ne da ya biyo baya daga 1997. Dukkansu, da 1KZ mai turbo, da tsohon 4D56 na Mitsubishi L200, da TD27 na Nissan, ba sa fesa mai kai tsaye a kan fistan. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin kan injin inda man ke fara kamawa, daga nan wutar ta faɗa silinda. Irin waɗannan suna amfani da nozul mai rami ɗaya, wanda tsinin allurarsa ke leƙowa waje. Isuzu 4JA1 da 4JB1 kuwa kai tsaye suke fesawa cikin kwarmin da ke kan fistan, nozul ɗinsu dogon baki ne mai ƙananan ramuka kewaye da tsininsa. Waɗannan gida biyu ba sa aron kayan juna ko kaɗan.

Idan motarka D-4D ce, wato 2KD ko 1KD irin na Hilux Vigo daga 2004, yawancin abin da ke ƙasa ba naka ba ne. Matsin man da ke cikin bututunta yana kaiwa sama da bar 1,300 (bar awon matsi ne), injaktocinta na lantarki ne, da yawansu suna da lambar da sai an shigar cikin kwamfutar mota. Ba a sassauta musu noti inji na aiki. Amma 5L-E, duk da famfonsa na lantarki ne, injaktocinsa irin na da ne masu sifirin, don haka yana cikin wannan bayani.

Karanta lambar da ke jikin nozul

Cire injaktocin duka huɗu, ka jera su bisa tsari, na silinda ta ɗaya daga gaba wajen lagireto. Ka sa musu alama, domin za ka buƙaci sanin wacce ta fito daga ina. Kama jikin injakta a bais, ka kwance notin ƙasa, ka zaro nozul. Lambar tana zagaye da wuyansa, sirara ce, sai an wanke da dizal an kai ta haske.

Ga misali DN4PD57, wanda ake yawan samu a 2L da 3L. DN na nufin mai rami ɗaya da allura mai tsini. Lamba 4 ita ce faɗin kusurwar feshin, digiri huɗu. Da DN0 ne, feshin a miƙe yake kamar igiya. Harafin P girman jiki ne: na P wuyansa milimita 14 ne, na S milimita 17. Harafin D yana nuna cewa allurar tana fara sakin mai kaɗan kafin ta buɗe gaba ɗaya, abin da ke sa inji ya yi laushin sauti. Lambar ƙarshe, 57, ita ce ta bambanta siffar tsinin allura da faɗin rami, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. Sai mai shago ya ce maka, “Alhaji, ai duk PD ne, ɗauki wannan.” Kada ka ɗauka. PD biyu masu lambar ƙarshe daban suna iya bambanta a yawan man da suke saki a farkon feshi, wannan kuwa shi ne bambancin injin da ke sulo a natse da wanda ke ƙwanƙwasa. A na Isuzu za ka ga DLLA, sai lamba kamar 154, wato kusurwar da ramukan ke watsa mai. Idan kusurwar ta kauce, man ba ya faɗawa cikin kwarmin fistan, gefe yake duka ko bangon silinda.

Akwai kuma lambar kamfani a jikin kwali. Nozul na Denso yana farawa da 093400, cikakkiyar injakta kuma 093500. A lambar Toyota injakta tana farawa da 23600, nozul 23620. Na Zexel, da ake gani a Isuzu da Nissan da Mitsubishi, sukan fara da 105007 ko 105017. Lambar kwali da ta jikin ƙarfe su zama suna magana ɗaya.

A nan akwai tarko. Tsohon nozul ɗin da ka ciro ba hujja ba ne shi kaɗai, domin mai yiwuwa wanda ya yi aikin kafin kai ya riga ya sa ba daidai ba. Duba duka huɗun. Idan ka ga uku iri ɗaya, ɗaya daban, ko biyu-biyu, ka san an taɓa yin gyaran ganin dama. A wannan hali sai ka ɗauki lambar da ke kan farantin famfon injakta, wadda a Toyota ke farawa da 22100, ka haɗa da sunan injin, ka kai wa mai kalibireshan, wato mai saita famfo da injakta, ya duba littafinsa. Famfo da nozul tare aka tsara su, kuma inji ɗaya yana iya zuwa da nozul daban gwargwadon shekararsa da ƙasar da aka yi shi dominta.

Gwada shi a hannu tun a shago

Ka je Dilimi ko duk inda kake saye da tsohon nozul a aljihu da ma'aunin baniya, wato ƙarfen awon kauri da tsawo. Ajiye sabo da tsoho kusa da juna a kan tebur. Auna tsawon jiki, kaurin wuya, kaurin baki, da tsawon guntun allurar da ke leƙowa ta sama inda sifirin ke dannawa. A irin na Isuzu ka ƙirga ramuka, ka kuma duba inda ramukan ƙusoshin saiti suke a fuskar nozul, domin su ne ke juya feshin zuwa inda ya kamata.

Rubutun jikin na gaske a tsabtace yake, layi ɗaya, ba ya gogewa da farce. Fuskar sama da ke haɗuwa da injakta tana sheƙi ba tabo. Amma masu jabu sun ƙware da kwali da rubutu, don haka gwajin allura ya fi ƙarfi. Wanke man ajiyar da aka shafa masa da dizal mai tsabta, kada ka taɓa jikin allura da yatsa, ka riƙe ta ta saman kai. Karkata nozul kamar digiri 60, ka jawo allurar kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, ka saki. Ta koma da nauyin kanta a hankali, ba tsayawa. Juya ta kaɗan ka sake, sau uku ko huɗu. Idan ta maƙale ko a wuri ɗaya ne, mayar musu. Idan ta faɗa fat kuma tana girgiza a ramin, ta yi sako-sako, mai zai riƙa tserewa ta baya. Tazarar da ke tsakanin allura da jikinta ba ta wuce maikron biyu zuwa huɗu ba (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma a masana'anta aka daidaita kowace allura da jikinta. Kada a musanya allurar wannan da ta wancan ko da lambarsu ɗaya ce.

Saitin ƙarfin buɗewa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo wa nozul mai kyau baƙin suna. Sabon nozul ba ya zuwa da saiti. Sifirin da shim (ɗan siririn faifan ƙarfe) da ke cikin injakta su ne ke yanke ƙarfin da allura za ta ɗaga, sifirin ɗin kuwa ya gaji da shekaru. Duk wanda ya canza nozul ya mayar da injakta kan mota ba tare da ta hau famfon gwaji ba, caca ya yi da injin mutane.

Harhaɗa injakta a kan tebur mai tsabta, ba a kan ƙasa ba, ba kuma inda iskar hunturu ke kwaso ƙura ba. Kowane ƙarfe a tsoma shi cikin dizal kafin ya shiga. Duba farantin tsakiya da ke tsakanin nozul da jikin injakta. Idan allura ta ci masa rami, canza shi, domin allura za ta riƙa ɗagawa fiye da ƙima. Notin ƙasa a ɗaure shi da sufana mai awo, a injinan L, wato 2L, 3L da 5L, kusan Nm 37 (Nm awon ƙarfin ɗauri ne). Wanda ya ɗaure da dogon bututu yana matse jikin nozul har allura ta maƙale, sai a ce nozul ne mara kyau.

A famfon gwaji, buga hannun da sauri sau da yawa don fitar da iska, sannan ka danna a hankali kana kallon geji. A 2L da 3L sabon nozul ya buɗe tsakanin kgf/cm² 151 zuwa 159, wato kilon da geji ke nunawa, wanda aka taɓa amfani da shi kuwa 145 zuwa 155. Ana ba sabo ɗan ƙari ne saboda zai sauka kaɗan bayan ya zauna. Na 4JB1 ya fi haka, kusan 185. Idan gejin na bar ne, lissafin kusan ɗaya ne. Ana gyara ƙarfin da kaurin shim: mai kauri ya ɗaga, siriri ya sauke, kuma bambancin milimita 0.025 kawai yana motsa geji da kamar kilo uku zuwa biyar. Shim ɗaya ake sawa mai kaurin da ake so. Tara sirara biyu ko uku, ko yanko gwangwani a cusa, saiti ne da ba zai kai wata ba. Ka yi ƙoƙari duka huɗun su zo kusa da juna, kada tazarar mafi sama da mafi ƙasa ta wuce kilo biyar, in ba haka ba inji zai riƙa rawa a sulo.

Sai gwajin ɗiga. Riƙe geji kilo 10 zuwa 20 ƙasa da inda yake buɗewa, har daƙiƙa 10. Bakin nozul ya kasance a bushe, kada ɗigo ya taru. Sannan ka buga da sauri ka kalli feshin: hazo mai laushi, a miƙe, ba ya karkata gefe, ba zaren mai a cikinsa, kuma ya yanke tsaf da ɗan sautin kirrr. Kada ka taɓa sa hannu a gaban feshin. Yana huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kamar ba komai a ranar farko, daga baya ya kai ga yanke yatsa. Wanda ya same shi ya tafi asibiti nan take. A kuma nisanta da wuta da taba.

Wasu injinan turbo suna da injakta mai sifirin biyu. Famfon gwaji na hannu ba ya nuna matakinta na biyu kai tsaye, sai wanda ke da kayan aikinta.

Zama cikin kan inji

Haska tocila cikin kowane rami kafin ka mayar da komai. A injinan L akwai mazaunin nozul da wosharsa a ƙasan ramin, su ne ke toshe iskar silinda, su kuma kwashe zafi daga bakin nozul. Tsohuwar wosha takan manne a ƙasa, baƙin gawayi ya rufe ta har ba a ganinta, sai a jefa sabuwa a kai. Wosha biyu suna ɗaga nozul da milimita ɗaya ko biyu, feshin ya daina faɗawa inda ya kamata, mota ta yi wuyar tashi da hayaƙi. Idan kuma an manta ba a sa ba, ko an mayar da tsohuwa da ta riga ta mutu, wuta tana lasar bakin nozul, ya yi shuɗi, allura ta kafe cikin 'yan makonni. Zaƙulo tsohuwar da waya mai lanƙwasa, ka goge ramin, ka sa sabuwa, fuskar da ta dace tana kallon sama kamar yadda ka tarar da ta asali. A Isuzu kaurin woshar jan ƙarfe shi ne ke yanke yadda baki zai leƙa cikin silinda, don haka ka auna tsohuwar ka nemi mai kaurinta.

Ɗaura injakta da hannu tukuna, sannan sufana mai awo, kusan Nm 64 a injinan L. Bututun mayar da mai yana zama a kan woshoshi na alminiyam masu ƙananan ramuka. Idan aka sa wosha rufaffiya, man da ya kamata ya koma tanki ya rasa hanya, ya danne allura ta baya. Notinsa kusan Nm 29, na bututun ƙarfe masu zuwa daga famfo kusan 25. Bututun nan tsawonsu da faɗin cikinsu a lissafe suke. Kada a lanƙwasa su da ƙarfi don su kai, kada a haɗa na wani inji, a kuma mayar da maƙalansu, in ba haka ba girgiza za ta tsaga su.

Bar notin bututu a sassauce a wajen injakta, ka danna famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, ka buga sitata ba fiye da daƙiƙa 15 a lokaci ɗaya ba, har mai ya fito ba kumfa, sannan ka ɗaure.

Idan an ɗaura kuma inji bai gamsu ba

Ba shi minti 10 ya ɗumama, iskar da ta rage ta fita, kafin ka yanke hukunci. Idan har yanzu yana misin, sassauta notin bututu ɗaya bayan ɗaya a sulo, da tsumma a kan sufana. Silinda mai aiki, da ka sassauta za ka ji inji ya faɗi. Wadda ba ta canza komai ba, ita ce mai matsala. Idan ƙwanƙwasa ce, wadda sautin ya ɓace da aka sassauta ta, ita ce. Daga nan musanya injaktar da ta maƙwabciyarta. In matsalar ta bi injakta, koma famfon gwaji. In ta tsaya a silindar, nozul ba shi da laifi: duba bawul, bawul ɗin fitar mai na famfo, da ƙarfin matsin silinda. A 3L lafiyayye matsin yana kusan kgf/cm² 32, ƙasa da 20 kuma inji ya nemi obahol, ba nozul ɗin da zai tashe shi.

Ƙwanƙwasa a duka silinda huɗu bayan canji ta fi nuna lambar da ba ta dace ba, ko ƙarfin buɗewa ya yi ƙasa har mai yana shiga da wuri. Baƙin hayaƙi da shan mai suna tafiya da wannan, ko da nozul mai faɗin rami fiye da na injin. Farin hayaƙi mai yaji a ido da rashin ƙarfi sun fi zuwa idan saitin ya yi sama da yawa, mai yana shiga a makare, ko nozul ya zauna sama saboda wosha biyu. Sautin cuf-cuf da baƙin kwalta kewaye da gindin injakta kuwa wosha ce ba ta toshe ba.

Ka kuma tambaya ko an taɓa famfo a baya. Sau da yawa idan tsohon nozul ya gaji, ana ƙara sukurun mai ko a murɗa tayimin don mota ta ja. Da sabon nozul ya shiga, wancan ƙarin sai ya fito fili a hayaƙi. Maganinsa a mayar da tayimin da ma'auni, a rage mai zuwa ƙa'ida.

Jos tana da nata hali da ya kamata a sa a lissafi. Garin yana kan tudu kusan mita 1,200, iskarsa ta fi ta Legas sirantaka da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Injin da ba turbo, wanda aka saita famfonsa a ƙasa, zai ɗan yi baƙin hayaƙi a nan idan an taka totur a hawa, ko da nozul ɗinsa daidai ne. Haka sanyin Disamba da Janairu: injin mai ɗan ɗaki ba ya tashi da asuba sai da hita, wato ɗan ƙarfen da ke ɗumama ɗakin da wutar batir. Farin hayaƙi na rabin minti da safe wanda ke wucewa idan inji ya ɗumama, ka fara gwada hitoci huɗun kafin ka zargi nozul. Idan ka ciro hita ka ga tsininta ya cinye ko ya narke, to injaktar wannan silindar tana ɗiga ko tana feshi a karkace. Kada a ci gaba da tafiya da ita, domin abin da ya ci hita shi ne zai tsaga ɗan ɗakin ya huda fistan.

Nozul da ya yi aiki lafiya mako biyu sannan ya kafe, yawanci mai ne ya kashe shi. Dizal ɗin jarka mai ruwa ko wanda aka sirka da kananzir ba ya shafa wa allura santsin da take buƙata. Duk ranar da za a sa sabon nozul a canza filtar mai, a buɗe magudanar ƙasanta a zubar da ruwan da ya taru, a tsiyayo ɗan mai daga tanki cikin kwalba a bar shi ya kwanta a gani. Zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana: idan ya ƙaru ko yana warin dizal, tsohon nozul ya daɗe yana zuba cikin inji, a juye shi a canza da filtarsa. Bayan tafiyar kilomita kamar 500, sake duba gindin kowace injakta da notin bututu inji na aiki, ko akwai danshi ko baƙin kwalta.